Lauyar da Ta Kafa Hujja da Littafin Alƙali

Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal, bazawara daga ƙauyen Kurami a ƙaramar hukumar Bakori. Alƙalai biyar suka zauna a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim, huɗu suka wanke ta, ɗaya ya saɓa. Jaridun Turai da Amurka sun ɗauki labarin tamkar an kayar da shari'a ne, mutane da yawa a nan gida kuma suka ce alƙalan sun tsorata da hayaniyar Turawa. Duk ɓangarorin biyu sun yi kuskure, domin wanda ya duba dalilan hukuncin zai tarar ba a ɗauko su daga ko'ina ba sai daga fiƙihun Malikiyya da dokar da majalisar Katsina ta rubuta da hannunta. Cikin lauyoyin da suka tsaya wa Amina akwai Hauwa Ibrahim, kuma rayuwarta ta isa hujja kan abu guda: abin da ke cutar da mace talaka a kotu galibi ba dokar ba ce, rashin wanda ya san dokar ne a gefenta. Wannan magana ta shafi ƙananan hukumomin Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar na arewacin Jigawa kamar yadda ta shafi Bakori.

An haifi Hauwa Ibrahim a ƙarshen shekarun 1960 a garin Hinna, cikin ƙasar Yamaltu da Deba, wadda a lokacin da ta taso take cikin Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Gombe a 1996. Ta sha faɗa da bakinta cewa ta yi talla tana yarinya, kuma abin da aka tsara mata shi ne abin da aka tsara wa sa'o'inta, wato a tara kuɗin kayan ɗaki a yi aure. Ta nace wa karatu har ta kai Jami'ar Jos ta karanta lauya, ta yi aiki a ma'aikatar shari'a ta Bauchi tana gabatar da ƙara a madadin gwamnati, daga baya ta buɗe ofishinta a Abuja. Wannan tarihin yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Wadda ta ɗauki faranti a ka ta san dalilin da ya sa matar ƙauye take sunkuyar da kai ta amsa duk abin da babba ya tambaye ta, ko da amsar za ta halaka ta. Wadda ta yi shekaru tana gabatar da ƙara kuma ta san inda masu gabatar da ƙara suke yin sakaci. Da waɗannan sanin biyu ta shiga kotunan shari'a, tana kare mutane ba tare da karɓar kuɗi ba.

Zamfara ta ƙaddamar da faɗaɗa shari'a a watan Oktoba na 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, cikin ɗan lokaci jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, har da Jigawa a zamanin Saminu Turaki. Jama'a sun yi maraba da abin da zuciya ɗaya, domin sun gaji da kotunan da shari'a ke kwana shekaru da hukumomin da ba su jin kukan kowa. Sai dai an yi gaggawa. An ɗora wa alƙalan da suka saba da shari'ar aure da bashi da gado nauyin hukunta laifukan haddi, ba tare da horon da ya dace ba. Sunayen da suka fara fitowa sun nuna inda nauyin ya sauka: Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara a Maris na 2000 kan satar saniya, Bariya Ibrahim Magazu, yarinyar da aka yi wa bulala ɗari a Janairun 2001, Safiya Hussaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jefewa a Oktoban 2001, sai Amina, wadda kotun Bakori ta yanke wa irin wannan hukunci a Maris na 2002. Babu ɗan kasuwa ko ɗan siyasa a cikinsu. Safiya da Amina duk sun tsaya gaban alƙali na farko babu lauya, kuma mazan da suka ambata sun musanta an sallame su.

Dalilan da suka kuɓutar da Amina sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, dokar kotunan shari'a ta Katsina ta ce alƙali ya zauna tare da mataimaka biyu, shi kuwa alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna. Na biyu, ikirarin da aka dogara da shi bai cika sharaɗi ba, kuma ko da ya cika, wanda ya yi ikirarin laifin haddi yana da damar janyewa har lokacin da za a zartar, amma babbar kotun Funtuwa ta ƙi karɓar janyewarta sa'ad da ta tabbatar da hukuncin a Agustan 2002. Na uku, waɗanda suka kai ƙarar ba su ga komai da idonsu ba, balle a samu shaidu huɗu. Na huɗu, maganar ciki. A mazhabar Malikiyya cikin matar da ba ta da miji yana iya zama hujja a kanta, amma mazhabar nan ita ce kuma ta yarda ciki yana iya kwantawa shekaru, har ana kai shi biyar, abin da kowace ungozoma a ƙasar Hausa ta sani da suna kwantacce. Amina kuwa ba ta kai wannan wa'adin da rabuwa da mijinta ba, saboda haka ana iya jingina cikin gare shi. A Sakkwato ma, da aka wanke Safiya ranar 25 ga Maris, 2002, cikin dalilan akwai cewa abin da ake zarginta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Likita na iya jayayya da kwantacce, amma manufar malaman da suka ajiye wannan ƙa'ida a fili take: kare nasabar yaro, suturta uwa, da tunkuɗe haddi duk inda shubuha ta shigo. Duk waɗannan ƙofofi suna nan a buɗe tun ranar farko a Bakori. Abin da babu shi ne mai nuna wa Amina su.

Salon da Hauwa ta bi ya dace da wannan fahimta. Ta ba da labarin cewa da farko ba a bari ta yi magana a wasu kotunan saboda ita mace ce, sai ta zauna tana rubuta abin da take so a faɗa a 'yar takarda tana miƙa wa abokin aikinta namiji. Ta kuma ba da labarin yadda wata hira da ta yi a rediyo ta fusata wasu malamai har aka yi ta sukarta, maimakon ta ɓuya ko ta mayar da martani sai ta nemi izinin ganinsu, ta lulluɓe jikinta, ta zauna a ƙasa kamar yadda 'ya ke zama gaban iyayenta, ta ce ta zo neman ilimin da za ta ceci rai da shi. A faɗarta, sun rabu a kan ba za su goya mata baya a fili ba, ba kuma za su yaƙe ta ba. Wani zai ga ƙasƙanci a wannan zama. Ni dabara nake gani da sanin mutane. Lauya ba don kansa yake magana ba, kuma wadda rayuwar wata ke hannunta ba ta da ikon sayen girman kanta da jinin wadda take karewa. Wannan hanyar ce ta tattara daga baya a littafin da ta rubuta kan yadda ake neman adalci a kotunan shari'a.

Suka ta farko da ake yi mata ita ce 'yar koren Turawa ce, hujja kuwa ita ce lambar yabo ta Sakharov da majalisar Tarayyar Turai ta ba ta a 2005, da zaman da ta yi tana bincike da koyarwa a Jami'ar Harvard. Wannan zargi yana da tushen da ba za a raina ba, domin an yi amfani da sunan Safiya da Amina a waje wajen zagin Musulunci gaba ɗaya, kuma ba a manta da rayukan da suka salwanta a Kaduna a Nuwamban 2002 lokacin rikicin gasar sarauniyar kyau ba. Amma a duba abin da matan da ke cikin aikin suka yi. A 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda Ayesha Imam ke cikin jagororinta, ta fitar da wasiƙa tana roƙon masu tara sa hannu a ƙasashen waje su dakata, domin takardunsu cike suke da kurakurai kuma suna iya jawo wa Amina da lauyoyinta haɗari. Ƙungiyar ta kafa hujja da Bariya, wadda ta ce an gaggauta yi mata bulala ana cikin shirin ɗaukaka ƙara, don a nuna ba a tsoron matsin lamba. Wanda aka aiko ya rushe shari'a ba zai roƙi masu aikensa su yi shiru don alƙalan shari'a su yi aikinsu ba. Lambar yabo kuma ba ta canza abin da aka rubuta a hukunci. A auna hujjar da aka gabatar a Katsina da littattafan Malikiyya irin su Muwaɗɗa da Mukhtasar da Tuhfa, in ta faɗi a yar da ita, in ta tsaya to wanda ya tafa mata a Turai bai rage mata komai ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: an ɗora wa mutum ɗaya rawanin aikin jama'a. Gaskiya ne. Wanda ya jagoranci lauyoyin Amina a kotu shi ne Aliyu Musa Yawuri, wanda ya jagoranci na Safiya kuma Abdulkadir Imam Ibrahim, ƙungiyar WRAPA da Saudatu Mahdi ke tafiyarwa ta ɗauki nauyi mai yawa, malaman fiƙihu sun ba da shawara, kuma a ƙarshe alƙalai ne suka yi hukunci bisa iliminsu. 'Yan jaridar waje suna son fuska ɗaya, sun kuwa sami tata. Sai dai wannan gyara ƙarfafa maganar yake yi. Idan sai da aka haɗa lauyoyi da malamai da ƙungiyoyi da kuɗin mota da na takardu na wata goma sha takwas kafin mace ɗaya ta sami abin da doka ta riga ta ba ta, to ina labarin wadda ba a taɓa jin sunanta a rediyo ba? Akwai kuma abin da mace ke kawowa cikin ayari wanda namiji ba zai iya ba, komai iliminsa. Shari'ar Amina ta rataya ne a kan idda da ciki da ranar rabuwa, abubuwan da matar karkara ba za ta buɗe baki ta faɗa wa baƙon namiji ba, ko da kunyar za ta kai ta kabari.

Suka ta uku ita ce wadda za a fi ji a zaurukanmu: aikin lauya bai dace da 'ya mace ba. A nan ana haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba. Saɓanin da ke tsakanin mazhabobi a kan mace ta zama alƙali ne, ba a kan ta yi magana a gaban alƙali ko ta san hukunci ba. Sura guda a Alƙur'ani ta ɗauki sunanta daga jayayyar da Khaula bint Sa'alaba ta kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan abin da mijinta ya yi mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna koyar da mata hukunce-hukuncen addini. A zamaninmu, Aloma Mariam Mukhtar ta zama lauya a Ingila a 1966, ita ce mace ta farko daga Arewa, ta zama alƙali a Babbar Kotun Kano a 1977, lokacin da ƙasar Gumel ke ƙarƙashin Kano, ta kuma rufe aikinta tana Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Mun riga mun yarda muna son likita mace ta duba matanmu a ɗakin haihuwa. Dalilin da ya sa muka yarda da wannan shi ne dai dalilin da ke kiran lauya mace.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu fafutukar da ke ganin Hauwa da abokan aikinta sun yi sassauci, tunda ba su ƙalubalanci dokar kanta a gaban Kotun Ƙoli ba, sun tsaya ga ceton mutum ɗaya bayan ɗaya, dokar kuwa tana nan a rubuce. Wannan ma magana ce mai nauyi, amma ta manta da wanda ake yi wa aiki. Amina Musulma ce, ba ta nemi a fitar da ita daga shari'a ba, kuma bayan hukunci garinsu za ta koma ta zauna da dangi da maƙwabta. Wankewar da alƙalan Musulunci suka yi mata da hujjar addini ita ce wadda za ta iya rayuwa da ita. Da wata kotu a Abuja ce ta ce dokar ba ta da inganci, da an sake ta a takarda an ci gaba da nuna ta da yatsa. Sakamakon ma ya yi magana: hukuncin Sakkwato da na Katsina sun zama darasi ga ƙananan kotuna, kuma ba a taɓa zartar da hukuncin jefewa da wata kotu ta yanke a Nijeriya ba.

To me ya haɗa wannan da arewacin Jigawa, inda ba shari'ar jefewa ce ke gaban alƙalai ba? Abin da ya haɗa su shi ne ramin da Amina ta faɗa yana nan, sai dai ƙanana ne abubuwan da ke faɗawa ciki kullum. Mace ta rasa miji, 'yan'uwansa su ce gona ba a raba ta da mata, tumunin takabarta ya zama kwano biyu na gero da kaka in an tuna. An saki mace, a karɓe yara ranar da ta fita, alhali a Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, uba kuma ciyarwa na kansa. Mace ta nemi rabuwa saboda duka ko yunwa, a ce ta biya hul'i, alhali in cutarwa ta tabbata alƙali na iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Maigatari kuma tana da nata ƙarin. Gari ne na iyaka, kasuwar dabbobinsa ta ranar Alhamis tana tara fatake daga Damagaram da kudancin Nijeriya, aure yana ƙulluwa tsakanin ɓangarorin biyu, miji na iya tsallakawa Nijar ya yi shekaru babu aike babu takardar saki, sammacin kotu kuma ba ya tsallaka iyaka. Fiƙihu ya tanadi hukuncin matar da mijinta ya ɓace ko ya bar ta ba ciyarwa, amma sai ta san da shi za ta nema. A Gagarawa, takaddamar filayen da aka karɓa don noman rake ta nuna wani abu: inda ba a rubuta rabon gado ba, wanda ya tsaya gaban masu awo shi ake lissafawa a diyya, kuma ba kasafai 'yar'uwar da ke gidan aure a wani ƙauye take tsayawa a wurin ba.

Ba a rasa dokoki ba. Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara a 2021, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya tana nan tun 1976, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana aiki. Amma yawancin waɗannan suna manyan birane ne, kuma matar da ke wani ƙauye a Sule Tankarkar, wadda sai ta nemi izini da kuɗin mota da mai riƙe mata yara, Dutse ta yi mata nisa ko da hanya na da kyau. Wa'adin ɗaukaka ƙara yakan wuce kafin ta ji cewa akwai shi. Saboda haka abin da ake bukata ya kasu biyu. Na kusa shi ne a horar da malaman Islamiyya mata, waɗanda suka riga suka karanta Risala kuma gidaje suka yarda da su, su san yadda ake shigar da ƙara, da abin da ake tambaya kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, da lokacin da ya kamata a nemi lauya. Masarautar Gumel da ƙananan hukumomin huɗu za su iya ware rana a wata da lauya zai zauna kusa da kotu yana sauraron mutane kyauta. Na nesa shi ne kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin 'yan mata masu ƙwazo su karanta lauya haɗe da shari'ar Musulunci, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, har su gama makarantar lauyoyi, ga reshenta ma a Bagauda, bisa sharaɗin su dawo su yi wa yankin aiki na wasu shekaru.

Za a ce wadda ta yi karatu ba ta dawowa, ga Hauwa kanta ta fi zama a waje, ko da yake an kira ta a 2014 cikin kwamitin binciken sace 'yan matan Chibok. Wannan gaskiya ne, kuma haka zai ci gaba da faruwa matuƙar ƙauye yana fitar da lauya mace ɗaya a cikin zuriya guda, domin wadda ta zama tilo kowa na jan ta. Maganin ba hana ta tafiya ba ne, yawaita irinta ne, har ya zama in biyu sun tafi uku sun zauna. Uban da ke shawarar ko ya bar 'yarsa ta wuce sakandare ya tuna cewa wata rana za a raba gadonsa ba ya nan, kuma 'ya'yansa mata za su zauna gaban alƙali tare da mazan da suka fi su baki. Abin da Allah ya ba su a rubuce yake, ba mai iya gogewa. Ko zai isa hannunsu kuwa ya dogara ne da ko akwai wadda ta san shi a cikinsu.